Filin Manoma: 'Yan Makaranta Su Bi Kubanni Da Ƙafa, Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

Kowane manomi ya san in babu ruwa babu noma. Amma ba manomi kaɗai ke neman ruwan rafi ba. A wurare irin su Samaru da Sabon Garin Zariya, inda gari ya bunƙasa har ya haɗiye gonaki, ruwan da mai lambu ke ba shukarsa shi ne a ke tacewa a sha, shi ne har wa yau ke kwashe dattin unguwa. In mutanen gari suka ɓata shi, mai lambu ne farkon wanda zai ji a jikinsa, sa'an nan abin ya komo wa mutanen gari cikin kwandon latas da alayyafon da su ke saye a kasuwa.

Yaran da ke makarantun sakandare yau, su ne masu gidaje da masu lambuna da ma'aikatan ruwa na gobe. A kan koya musu labarin ruwa a aji, a zana musu girgije da kogi a allo, su haddace, su rubuta ran jarrabawa. Wannan ba laifi, amma gani ya kori ji. Yaron da ya bi rafin garinsu da ƙafa tun daga sama har ƙasa, ya ga inda ruwan ya taso garau da inda ya koma baƙi ƙirin, ya sami ilmin da allo ba ya bayarwa: watau duk wanda ke zaune a saman rafi, akwai hakkin na ƙasa a wuyansa. Darasin wannan mako a kan yadda malami zai shirya irin wannan fita ne, da abin da za a nuna wa yara a kowane zango.

RAFIN DA ZA A BI

Makarantun Zariya sun yi sa'a, gama ba sai sun yi hayar mota zuwa wata ƙasa mai nisa ba. Kubanni na nan bakin ƙofarsu. Ya taso ne daga tudun Kampagi wajen Shika, ya ratsa ƙasar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya nufi kudu maso gabas, ya bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, kana ya faɗa Galma. Galma kuwa ta kai ruwanta Kogin Kaduna. Tsawon Kubanni duka bai fi kilomita 20 da 'yan kai ba, amma cikin wannan ɗan taƙi akwai madatsar ruwa, da matatar ruwan sha, da unguwanni masu cunkoso, da fadamun lambu. Abin da ɗan makaranta ke bukatar sani game da ruwan gari, duk yana jere a bakin wannan rafi, ɗaya na bin ɗaya.

A yi fitar sau biyu cikin shekara. Ta farko da bazara, cikin Maris, lokacin da rijiyoyi suka ja ƙasa, rafi ya ƙanƙance. A wannan wata ne ma, ran 22, a ke bikin Ranar Ruwa ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma tun 1993. Ta biyu kuwa wajen ƙarshen damina, cikin Satumba, bayan ruwan Agusta ya gama ɓarnarsa. Wanda ya ga wuri ɗaya a waɗannan lokatai biyu, shi ne ya san rafin.

SHIRI KAFIN A FITA

Malami ya fara zuwa shi kaɗai ya dubo hanya. Shugaban makaranta ya rubuta takarda ga hukumar Jami'a da ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ya nemi izni, gama madatsar ruwa da matata ba wuraren da a ke shiga da ka ba ne. A sanar da iyaye. A je a gai da mai unguwa da masu lambun da za a tsaya wurinsu, don kada su wayi gari su ga yara arba'in sun faɗo musu cikin kuyoyin albasa.

A raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace kada ta wuce mutum goma, da babba guda mai lura da su. Kowace ƙungiya ta riƙe littafi da fensir, da igiya mai tsawon mita 10, da sanda mai alamar awo, da kwalabe farare guda biyar masu murfi. A kowane zango za a ɗebi ruwa a kwalba guda, a rubuta sunan wurin a jikinta.

Dokoki uku ne ba sassauci a kansu. Ba mai shiga ruwa, ko ya iya iyo, sabo da zurfin madatsa da kuma tsargiya, wadda a ke ɗauka a ruwan da ƙananan dodannin koɗi ke zaune. Ba mai shan ruwan da aka ɗiba a hanya. Ba a kuma zuwa bakin rafi ranar da aka kwana ana ruwa, domin rafi ya kan kawo farat ɗaya.

ZANGO NA FARKO: INDA A KE AUNA RUWAN SAMA

A soma daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. An kafa ta a 1922 ƙarƙashin Ma'aikatar Gona ta Arewa, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar. A nan akwai wurin da a ke auna ruwan sama da zafi da iska, ana kuwa rubuta lissafin ruwan Samaru tun shekarun 1920. A roƙi ma'aikacin wurin ya nuna wa yara ma'aunin, ya kuma buɗe musu lissafin shekara mai ruwa da na shekarar fari kamar 1973, su gwada da kansu.

Abin da za su koya shi ne, a shekara madaidaiciya Samaru kan sami ruwa kimanin milimita 1,000, watau mita guda, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Sauran watanni kuwa sai abin da aka adana, ko a madatsa, ko cikin ƙasa, ko a tanki.

Ga lissafin da zai buɗe musu ido. In ruwan milimita 1 ya sauka a fili mai tsawon mita guda da faɗin mita guda, lita guda ke nan. To, a ɗauki rufin aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7. A ninka, a sami 63. A ninka 63 da 1,000, a sami lita 63,000 a shekara. A cire kashi ɗaya cikin biyar domin wanda ke fantsama da na wankin kwano a farkon ruwa, saura wajen lita 50,000. Jarka mai cin lita 25 guda 2,000 ke nan, daga rufin aji ɗaya tak. Sai kowane yaro ya tambayi kansa nawa a ke sayar da jarka a unguwarsu, ya ga kuɗin da ke bin indararo yana tafiya kowace damina.

ZANGO NA BIYU: MADATSAR KUBANNI

Daga nan sai a gangara madatsar ruwan Jami'a. An gina ta a 1973, aka shirya ta domin ta riƙe ruwa lita miliyan 2,600, wanda ke gangarowa daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 57. Malami ya tsai da yara a bisa ganuwar, ya nuna musu mafitar da ruwa ke malala in ya cika, da wurin da a ke jan ruwa zuwa matata. Sa'an nan ya juya da su su dubi inda rafuka ke shigowa. Can ne darasin ya ke.

Babban abokin gābar madatsa shi ne laka. Duk gonar da aka nome har bakin rafi, duk tudun da aka sare itatuwansa, duk inda aka haƙi ƙasar gini aka bar rami, ruwan sama na kwasar ƙasar wurin ya kawo ta nan. Da ruwa ya iso madatsa sai gudunsa ya mutu, laka ta kwanta. Masanan jami'ar sun sha auna zurfin wannan madatsa, sun tarar laka ta cinye babban rabo daga cikinsa. Hasarar kuwa biyu ce: manomi ya rasa ƙasar sama, wadda ita ce mai taki, gari kuma ya rasa wurin ajiye ruwa.

A gwada musu wannan a nan take. A sami kwanoni biyu, a cika ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya kuwa a yanko ƙasa da ciyawarta a sa. A karkata su daidai da juna, a zuba wa kowane ruwa gwangwani guda, a tari abin da ya zubo. Na ƙasa tsirara zai zubo da sauri, jawur. Na mai ciyawa zai ɗan jima, ya fito kaɗan, kusan fari. Daga wannan yara za su gane dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a yi kunya a gicciye, kada a bi gangare, a bar ciyawa irin su gamba da jema a bakin rafi, a dasa itatuwa, kada kuma a zuba takin zamani fiye da kima. Takin da ya wuce bukatar shuka ruwa ke wanke shi, ya zo ya ciyar da gansakuka da kainuwa cikin madatsa.

Kafin a bar wurin a nuna musu rafin da ke fitowa daga cikin garin Samaru ya faɗa madatsar. Su dubi abin da ya ke ɗauke da shi, su ɗebi ruwansa a kwalba. Yaro da yawa zai gane ruwan lambatun ƙofar gidansu ne ya rigaye shi isowa.

ZANGO NA UKU: MATATAR RUWA

A matata a bi da yara matakin aikin ɗaya bayan ɗaya. Da farko a kan zuba wa ruwa alif, wanda ke sa ƙananan ƙwayoyin laka su manne da juna su yi nauyi. Sai ruwan ya shiga manyan kwamai inda ya ke tafiya a hankali har lakar ta kwanta. Daga nan ya ratsa yashi da tsakuwa, su tare sauran datti. A ƙarshe a sa masa kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, kana injuna su tura shi tanki, ya bi bututu zuwa famfo. Gwargwadon dattin ruwan da ya shigo, gwargwadon maganin da za a saya. Wanda ya zuba shara a rafi, ya ƙara wa ruwan famfo tsada ke nan.

A nan ne ya dace malami ya ba su tarihin ruwan Zariya a taƙaice. An kafa gidan ruwa na farko a 1939, aka faɗaɗa shi a shekarun 1970 da ruwan Galma. Da jama'a ta yi yawa ya kasa, aka gina babbar madatsar Galma a Kuzuntu cikin ƙasar Kubau, mai riƙe ruwa kamar ninki 70 na ta Kubanni, aka kuma gina sabuwar matata a Shika mai iya tace lita miliyan 150 a rana, wadda aka buɗe a 2017. In an ba kowane mutum lita 50 a yini, wannan ya isa mutum miliyan 3. Amma tace ruwa daban, kai shi gida daban: sai da wutar lantarki, da bututu lafiyayye, da masu biyan kuɗin ruwa, da jama'ar da ba ta barin famfo yana zuba.

ZANGO NA HUƊU: CIKIN UNGUWA A SABON GARI

Yanzu sai a hau mota a bi rafin ƙasa zuwa Sabon Gari. Wannan gari ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Zariya a 1911, ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina. Gidaje da yawa a nan, kamar a Samaru, da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa su ke dogara.

A shiga gida guda da iznin mai shi, a duba rijiya. Yara su auna nisan bakin rijiya zuwa fuskar ruwa da igiya, su rubuta, domin su gwada da abin da za su samu a fita ta biyu. A bayyana musu cewa ƙarƙashin ƙasar Zariya dutse ne irin na Kufena. Ruwan rijiya yana zaune ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke bisansa da cikin tsagoginsa, ruwan sama ne kuwa ke cika shi kowace shekara. In kowa ya dafe tsakar gidansa da siminti, kowa kuma ya haƙa burtsatse, ana ɗiba ba a mayarwa ke nan, rijiyar maƙwabci ita za ta fara ƙafewa.

Su auna kuma nisan rijiya da masai. Ma'aikatan tsabta na son a sami mita 30 tsakaninsu, masai kuwa ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba. A unguwa mai cunkoso da wuya a sami haka, shi ya sa ya wajaba a ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga, kada a ajiye shi ƙasa. Kwalara da taifot da atuni duk ta ruwan da kashin mutum ya taɓa su ke yaɗuwa. Kada yara su ɗauka abin ya fi ƙarfin mutane. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma da tsakar damina, amma da tace ruwa da gyaran rijiyoyi aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa babu shi a Nijeriya.

Daga nan a bi lambatu. A ƙirga wuraren da ledar ruwa da robobi da yashi suka toshe shi cikin taku ɗari. Lambatun da ya toshe da rani shi ke haifar da sauro, shi ne kuma ke juya ruwa cikin ɗakunan mutane a Agusta. In an tarar da famfo mai ɗiga, a tara kwalba a duba agogo. In kwalba mai lita guda ta cika cikin rabin sa'a, lita 48 ke nan a kwana, kusan jarka biyu.

ZANGO NA BIYAR: LAMBU

Tafiya ta ƙare a fadama, ƙasa da gari, inda masu lambu ke noman latas da kabeji da karas da albasa da alayyafo. Yara su yi sallama, su ce, "Baba, sannu da aiki," su tsuguna su saurara. A nan mai lambu ne malami. Su tambaye shi yadda ruwan ya ke da can da yadda ya ke yanzu, da watan da ya fi wari, da abin da ya ke yi wa shuka da ƙafafunsa.

Da rani, yawancin abin da ke gudana a rafi ƙasa da gari ruwan da gidaje suka zubar ne. Mai lambu ba ya ƙinsa, gama ba ya ƙafewa, yana kuma ɗauke da taki. Amma yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta, har da baƙin mai daga gareji da dalma daga tsofaffin batura, waɗanda ke taruwa cikin ƙasa sannu a hankali. Ba daidai ba ne a ɗora wa mai lambu laifi, domin ba shi ya ɓata ruwan ba. Akwai dai abubuwan da ke rage haɗarin, ya kamata yara su san su. A haƙa ɗan tafki a gefe, ruwa ya kwana ciki ya kwanta kafin a ba shuka. A kora ruwa ta ƙasa cikin kwari, kada a watsa shi bisa ganye. A daina ba da wannan ruwa 'yan kwanaki kafin a cire ganyen da a ke ci ɗanye. A wanke kaya da ruwan rijiya mai tsabta, ba na rafi ba. Wanda ke da hali ya kafa ƙaramar rijiyar bututu a fadama, irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa a shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya. A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi don kada rana ta shanye danshi.

BAYAN AN KOMA MAKARANTA

Fitar da ba a yi aiki da ita ba yawo ne kawai. Kashegari a jera kwalaben nan biyar a bakin taga bisa tsarin rafin, daga sama zuwa ƙasa, a bar su kwana guda. Yara su auna kaurin lakar da ta kwanta a gindin kowace, su rubuta launi da wari. A daka ƙwayar zogale ɗaya ko biyu, a zuba garin a kwalbar da ta fi laka, a girgiza, a duba bayan sa'a guda, za a ga ta yi aiki irin na alif. Amma malami ya ja kunnensu: ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba, sai an tafasa shi ko an sa masa magani.

Kowace ƙungiya ta zana taswirar Kubanni, ta sa alama a duk inda datti ko laka ke shiga. Sa'an nan kowane aji ya ɗauki aiki guda da zai riƙe har ƙarshen shekara. Wani ya kafa gwangwanin auna ruwan sama ya riƙa rubutawa kowace safiya. Wani ya sa wa rufin ajinsa indararo da duro mai murfi. Wani ya juya ruwan wanke hannu da na alwala zuwa gindin zogale da ayaba a lambun makaranta. Wani ya riƙa yashe lambatun ƙofar makaranta kafin ruwan farko. Ƙungiyar Samarin Manoma ta makaranta ita ta fi cancanta ta lura da waɗannan ayyuka.

Kada a manta da masu lambun da suka karɓi baƙuncin yara. A rubuta musu abin da aka gano, a koma a karanta musu, a gode musu. Cikin Satumba kuma a sake ɗaukar igiya da kwalabe a koma wuraren nan biyar, a gwada awon damina da na bazara. A ajiye littafin a makaranta, domin ajin baɗi ya ɗora daga inda na bana ya tsaya.